Kiɗan da Ba Shi da Waƙa

Fiyanon ya shigo hannuna ne a shekarun tsuke bakin aljihu. A lokacin ina koyarwa a wata firamare da ke yankin Jama'a, amma a cikin garin Gwarzo nake zaune da matata. Kullum da sassafe in hau keke in tafi, in dawo bayan azahar. A makarantar akwai wani malamin lissafi, mutumin kudu, wanda kowa ke kira Tica, har da hedimasta. Dukkanmu aiki ɗaya muke yi, amma shi kaɗai sunan ya kama. Gidan da yake haya yana jikin namu, katanga ce kawai tsakani.

Ta kan katangar nan na fara jin abin. Wata Asabar ce da hantsi, ina gyaran sarƙar keke a tsakar gida, sai na ji wani siririn sauti yana hawa yana sauka, ya tsaya, ya sake komawa farko. Na san ba rediyo ba ne, don rediyo ba ya yin kuskure ya koma baya. Na goge hannuna da tsumma, na zaga na yi sallama.

Na same shi zaune a kan tabarma da wani abu a cinyarsa, tsawonsa bai wuce hannun mutum daga kafaɗa zuwa yatsa ba, ga maɓallai farare da baƙaƙe a jere.

"Shigo, Malam," in ji shi da Hausarsa mai karkacewa. "Taɓa shi. Ba ya cizo."

Na sa yatsa ɗaya na danna. Na danna na kusa da shi. Ban bar ɗakin nan ba sai da na ji kiran sallar azahar.

Tica ya yi iya ƙoƙarinsa ya koya mini yadda aka koya masa. Yana da wani littafi mai layuka biyar-biyar da ɗige-ɗige a kansu, yawancinsu waƙoƙin cocinsu ne. Ban iya ba. Ba wuyar abin ce ta hana ni ba, zama wuri ɗaya ne ba na iyawa. Tun ina ƙarami haka nake, Inna takan ce ko tuwo a tsaye nake ci, ido yana ƙofa. Idan ya nuna mini layi ɗaya ya ce in maimaita sau goma, kafin in kai na huɗu yatsuna sun kama wata hanya. Sai ya dafe kai ya ce, "Malam, wannan ba ya cikin littafi." In ce masa na sani.

Ba mu yi shekara muna haka ba aka yi rage ma'aikata, sunansa ya fito. Ranar da zai tafi na taya shi ɗaure kaya muka kai tasha a kura. Da aka gama loda akwatuna da katifa da tukwane a bayan akori-kura, sai ya miƙo mini fiyanon a nannaɗe cikin tawul.

Na ce, "Haba Tica, ai abin hannunka ne."

Ya ce, "A gida akwai babba a coci. Wannan ya saba da kai. Amma ka riƙa cire batir idan ka gama, yana zubar da ruwa."

Iyakar wasiyyarsa ke nan. Mota ta tashi, ban sake ganinsa ba har yau.

Batura shida yake ci, manya irin na tocila. A shekarun nan kuwa komai tashi yake yi, abin da ka saya ranar wannan kasuwa ba lallai ka iya sayensa ranar ta gaba ba. Mutane sun koma sabulun salo, an daina sa madara a shayi. A irin wannan hali ne nake neman batura shida don abin da ba a ci ba a sha. Idan suka yi sanyi sai in jera su a kan katanga su sha rana, su ɗan farfaɗo na kwana ɗaya ko biyu. Daga nan muryar fiyanon ta fara dishewa kamar mai mura, sai ta ɗauke. Sau da yawa matata kan ciro na rediyonta ta ajiye mini a kan taga, ta haƙura da shirin wasan kwaikwayon da take so.

Lokacina shi ne tsakanin dawowa daga makaranta da kiran la'asar. In ci abinci, in shiga ɗaki, in ɗora shi a cinya. Ba na zama da niyyar in yi wani abu. Akwai dai abin da ke cika mini ƙirji tun daga hanya, wani lokaci na san dalilinsa, wani lokaci ban sani ba. Sai in yi ta lalube da hannun dama har in ci karo da sautuka huɗu ko biyar da suka yi kama da shi. Idan na same su jikina yakan sani. Hannun hagu kuma ya riƙa taka musu baya a hankali da maɓalli biyu. Duk abin ba ya wuce minti ɗaya ko biyu. Na sha gwada in tsawaita, amma da zarar abin da ke ƙirjina ya sauka, duk abin da na ƙara sai ya zama ƙarya, in ji shi a kunnena kamar surutun wanda ya gama maganarsa ya ƙi yin shiru.

Tun da ban iya rubutun Tica ba, sai na yanka filasta ƙanana na manna a kan maɓallan, na rubuta wa kowanne lamba da biro. Idan na gama kiɗa sai in kwafe lambobin a bayan littafin shirin darasi, in ja dogon layi inda ake riƙewa, in bar fili inda ake shiru. Wata rana mai duba makarantu ya zo, ya buɗe littafin ta baya, ya daɗe yana kallon shafin. Ya ce wane irin lissafi ne wannan nake koya wa 'yan aji huɗu? Na ce nawa ne, na gwaji. Ya sa hannu ya wuce.

A saman kowanne nakan rubuta abin da ya jawo shi. Akwai "Hanyar Jama'a, dawa ta rufe", na lokacin da dawa kan yi tsawo har ba ka ganin komai dama da hagu, kana tuƙa keke kamar a cikin rami, kana jin kamar ka yi ta tafiya kada ka tsaya a makaranta. Akwai "Hadari ya watse", na wata rana da gabas ta yi baƙi ƙirin, mata suka kwashe shanya, muka zauna muna jira, iska ta zo ta tafi da shi. Akwai wanda na yi ranar da na shiga aji na tarar benci ɗaya babu kowa, gida guda sun kwashe sun tafi neman abinci kudu.

Farkon abin matata ta kasa gane kansa. Tana zaune a bakin ƙofa tana tsince wake, na gama ɗaya na ɗaga hannu.

Ta ce, "To, ina waƙar?"

Na ce, "Babu waƙa."

"Wa kake yi wa?"

"Ba kowa."

Ta ajiye faifan ta dube ni. "Ba waƙa, ba rawa, ba wanda ake yi wa. Malam, to mene ne sunansa?"

Na juya fiyanon na cire baturan. Amma ba ta daina zama a bakin ƙofar ba, kuma da tafiya ta yi tafiya ta zama ita ce alƙalina. Ba ta yabo. Takan ce, "Wannan ka taɓa yinsa, riga kawai ka sake masa." Ko ta ce, "Wannan ka bar shi a tsakiyar hanya." Idan kuwa hannunta ya tsaya a cikin waken, to na san na samu.

Ban iya daɗewa a makaranta ɗaya ba. Shekara biyu, uku, sai in ji bangon ajin ya ishe ni, in rubuta takardar neman canji. Ma'aikatan ofishin ilimi har sun san rubutuna. A haka na zaga ƙauyuka da dama, daga ƙarshe na nemi a mayar da ni Kabo, na ce don in kusanci gida. Gidanmu a Masanawa yake, can Baba da Yayana suke noma. Inna ta riga ta rasu a lokacin. Asalinmu masu kiwo ne, kakana ne ya fara kafa gida ya kama fartanya, kuma a waɗannan shekarun na wahala Baba ya sayar da mafi yawan shanun da suka rage, ya bar na huɗa guda biyu.

Ban taɓa gaya masa ina da fiyano ba. Wata ranar kasuwa ya shigo Kabo, ya biyo ta gidana da ƙwan zabi a cikin ƙwarya. Ina ɗaki ban ji sallamarsa ba. Sai da na ɗago na gan shi tsaye a bakin ƙofa, sandarsa a kafaɗa. Na ture abin gefe na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a natse, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwan bana a nan wajen. Sai da ya sha ruwa ya huta sannan ya nuna da haɓa.

"Na zaci rediyo ne."

"A'a Baba, ni ne."

Ya jima yana kallon maɓallan. "Kai, mu fa ba makaɗa ba ne. Tun daga kakanka har kakan kakanka babu wanda ya taɓa tsayawa a gaban wani yana roƙo."

"Ba roƙo nake yi ba, Baba. Ba na fita da shi ko'ina."

"To me kake yi da shi?"

Na ce idan raina ya ƙi kwanciya nakan taɓa shi, sai in ɗan samu sauƙi. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce raina ai tun ina goye bai taɓa kwanciya ba. Ya tashi ya gyara rawaninsa, a zaure ya juyo ya ce, "Kada dai in ji an ce an gan ka a gidan biki." Na yi masa alkawari. Na kuma cika, ko a shekarun da kiɗan fiyano ya cika kaset-kaset na fim, abokai suna ta zuga ni in tafi Kano in gwada sa'ata. Irin nawa ba shi ake nema a can ba, ni ma na sani.

Da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ina cikin waɗanda suka yi murna, kuma ba murnar ganin ido ba. Mun gaji. Mun ga shekarun da mai gaskiya ya zama abin dariya, muna fatan a samu gyara. Masallatai suka cika, matasa suka koma makarantun islamiyya, wuraren da ake shaye-shaye a bayan gari suka watse. Ban kawo fiyanona cikin lissafin ba sam, sai da wa'azi ya fara juyowa kan kaɗe-kaɗe. Ranar Juma'a ina zaune a sahu ana jero kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya, sai na ji kamar duk masallacin ƙeyata suke kallo. Babu wanda ya kalle ni. Amma maƙwabta suna jin sautin ta kan katanga shekara da shekaru, kuma magana ba ta wuyar zuwa Masanawa.

Yaya ya zo da kansa a kan babur. Ya girme ni da shekara shida, shi ya riƙe gonar gida har na yi karatu. Bai yi boko ba, amma da girmansa ya koma gaban malamai ya yi karatun addini sosai, kuma mutum ne da ba ya faɗin abin da ba ya aikatawa. Shi ya sa maganarsa take mini nauyi. Muka gaisa, matata ta kawo fura, ya sha kaɗan ya rufe.

Ya ce, "Magana ce ta kawo ni, kuma ka san ta."

Na ce, "Na sani, Yaya."

"Kai malami ne. Yara suna kallonka. Da safe ka koya musu tarbiyya, da yamma su wuce ta bayan gidanka su ji kiɗa."

"Babu batsa a ciki. Babu ma magana ko ɗaya."

"Ban ce akwai ba. Ni ba zargin ka nake yi ba, tsoro nake ji maka. Idan abin nan ya zama hujja a kanka ranar da babu mai taimakon wani, me zan ce na yi, ni da na sani na yi shiru?"

Idonsa ya kawo ruwa yana faɗin haka. Da faɗa ya zo da shi, da na san yadda zan yi. Na shiga ɗaki na cire baturan, na naɗe fiyanon a wani tsohon zane, na ɗaure shi da kaina a bayan babur ɗinsa. Na ce ya kai gida ya ajiye inda hannuna ba zai kai ba. Ya ɗora shi a kan azara a ɗakin Baba.

Damina biyu aka yi ba ni da shi. Na zaci kwana kaɗan zan yi in manta. Sai ga shi abin bai tsaya ba, wurin fita kawai ya rasa. Ina rubutu a allo sai in ga yatsun hagu suna motsi a jikin rigata. Ina kan keke suna danna ƙahonsa kamar maɓallai. Na zama mai saurin fushi, in yi wa 'yan aji tsawa a kan abin da bai kai ba, in dawo gida in kasa zama, in fita in zaga bayan gari har bakin gonaki in dawo, in sake fita. Na rubuta takardar neman canji har sau biyu a shekara ɗaya, aka ƙi. Matata ta ce mini wata rana, "Malam, gidan nan fa ya yi maka kaɗan. Mu kuma babu inda za mu."

Mafi muni shi ne salla. Da ina kaɗawa, abin yakan fita kafin la'asar, in je masallaci da kai wasai. Yanzu sai in yi kabbara, liman yana karatu, wasu sautuka biyar su zo su tsaya mini a ka, suna neman na shida. In kore su, su dawo. Idan ni kaɗai nake salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Ƙabli da ba'adin da na yi a waɗannan watanni sun fi na duk rayuwata yawa.

Da na ga abin ya ƙi, wani hutun makaranta na hau mota na tafi Gwarzo wurin wani tsohon malami da na yi karatun littattafai a zaurensa lokacin ina can. Na tarar ya tsufa ƙwarai, yana zaune a kan buzu, littattafai jibge a gefensa. Muka daɗe muna gaisawa, ya tambayi Baba, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Da ɗalibai suka watse na matso na faɗa masa komai, tun daga Tica har zuwa raka'o'in da ke ɓace mini.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Malamai sun yi magana mai yawa a kan wannan. Akwai masu sassauci, amma mafi yawansu sun tsananta, kuma ni a bayansu nake tafiya. Idan ka zo ne in ce maka ya halatta, ba zan ce ba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ban zo don haka ba. Ni ma ban san me na zo nema ba."

Ya ce, "Da kana yi, kana rasa jam'i?"

"A'a."

"Yanzu fa?"

"Ina zuwa. Amma jikina kawai ke zuwa."

Ya daɗe yana jan tasbaha, har na zaci gyangyaɗi ya ɗauke shi. Sai ya ce, "Ka yawaita istigfari, ko ka taɓa abin nan ko ba ka taɓa ba. Yayanka kuma kada ka yi jayayya da shi, son ka yake yi. Abin da nake da shi ke nan."

Na koma Kabo yadda na fito. A mota na yi ta juya maganarsa, in ga kamar ya buɗe mini ƙofa, in sake dubawa in ga a rufe take.

Baba ya rasu da kaka, ana tsakiyar yankan dawa. Bai yi doguwar jinya ba, kwana huɗu ne. Bayan an watse daga zaman makoki, ni da Yaya muka shiga ɗakinsa muna haɗa 'yan kayansa. Yaya ya taka turmi ya sauko da abin daga kan azara. Zanen ya yi baƙi da hayaƙi, ɓera ya ci gefe ɗaya, zanzaro ya yi gida a jikinsa. Ya riƙe shi ɗan lokaci, sannan ya miƙo mini.

Ya ce, "Ɗakin nan za a gyara wa wani. Ga kayanka. Ba zan ci gaba da riƙe maka ba, ba kuma zan fasa maka ba. Abin da zan faɗa na faɗa, ban sake ra'ayi ba. Kai da Ubangijinka."

Na karɓa na ce na gode.

Ya yi mako biyu a ƙarƙashin gado ban buɗe ba. Ranar da na buɗe na share shi da gashin kaza, na sa batura, sai na tarar maɓallai uku sun mutu, filastocin lambobin duk sun ɓare. Na je wurin mai gyaran rediyo a kasuwa, ya ce ba zai iya tayar da su ba, amma ya nuna mini wata ƙaramar kafa a bayan fiyanon da ban taɓa kula da ita ba. Ya sa mata iyafis, irin wanda ake maƙalawa a kunne. Sautin ya daina fita waje, ya koma cikin kaina ni kaɗai. Babu maƙwabcin da zai sake ji, babu ɗalibin da zai wuce ya tsaya. Ban ce wannan ya warware maganar Yaya ba. Rabinta kawai ya ɗauke.

Abin da na fara nema shi ne kiran shanun Baba. Lokacin muna yara, da garken yana nan, idan rana ta yi sanyi yakan tsaya a bakin fadama ya ɗaga kai ya yi wani kira, sautuka uku, na farko dogo, na biyu ya ɗan hau, na uku ya faɗo ya ja. Shanun su ɗago kai gaba ɗaya su juyo. Na fi shekara ashirin ban ji shi ba, tun kafin a sayar da su, kuma ban taɓa tunawa da shi ba sai da muka dawo daga maƙabarta. Na same shi a fiyanon cikin sauƙi, sai dai sauti na uku ya faɗa daidai kan ɗaya daga maɓallan da suka mutu. Na matsar da shi sama, ya yi siriri kamar muryar mace. Na matsar ƙasa, ya yi nauyi. Na kwashe makonni a kansa, ni da ban taɓa wuce yini biyu a kan kiɗa ɗaya ba.

Matata ta gaji. Wata rana bayan azahar ta shigo ta tsaya a kaina. "Da dai muna jin kiɗa. Yanzu sai ƙwas-ƙwas kamar kaza tana tsattsagar faranti. Ba ni kunne ɗaya."

Na cire ɗaya na ba ta. Ta zauna kusa da ni, wayar gajera ce, dole kanmu ya kusa haɗuwa. Na kaɗa mata daga farko. Da na iso wurin mataccen maɓallin na danna shi haka nan, babu abin da ya fito, na wuce.

Ta ce, "Sake."

Na sake.

Ta ciro abin daga kunnenta ta riƙe a hannu. "Wurin da ya yi shiru ɗin nan, ka bar shi haka. Amma sauran bai yi kama da Baba ba. Baba ba ya sauri. Kai ne wannan."

Gaskiyarta. Na yi ta ƙoƙarin rage masa gudu, da na kai tsakiya sai hannuna ya ƙwace. A ƙarshe na kwafe shi yadda yake a sabon littafi, ban rubuta komai a samansa ba.

Bayan wata biyu Yaya ya shigo Kabo neman takin zamani, ya biyo ta gida. Fiyanon yana kan akwati a kusurwar ɗaki, an rufe shi da mayafi, ana ganin siffarsa sarai. Ya dube shi sau ɗaya, ya ja tabarma ya zauna ya ba shi baya. Aka kawo dambu ya ci, ya nemi ƙari. Muka yi maganar gonar fadama, ko a sa albasa bana ko a bar ta ta huta, da maganar ɗaya daga shanun huɗar da ya fara ɗingishi. Ya ce in riƙa zuwa ranar Asabar ina kama masa, tun da yanzu mu biyu muka rage. Na ce zan riƙa zuwa. Muka tafi masallaci tare muka yi la'asar, ya hau babur ya kama hanyar Masanawa.

Na je Asabar huɗu a jere. A ta biyar na aika masa cewa aiki ya riƙe ni, alhali ina ofishin wani abokina ne yana buga mini sabuwar takardar neman canji. A wannan karon an amince, aka tura ni wata makaranta a can gefen Gwarzo, wadda ruwa kan yanke hanyarta da damina.